Ayabar Taubashina

A gidanmu ba a fushi da taubashi. Da wannan doka na buɗe ido, kamar yadda na buɗe ido na ga itatuwan lemon da babana ya dasa a garkarmu ta bakin gulbi. Taubashina ɗan ƙanwar babana ne, sa'ana, kuma tun muna ƙanana ya iya cin moriyar dokar. Ya sure mini hula ranar sallah, ya tsame naman da ke cikin kwanona ina can ina wanke hannu, ya tsaya a tsakiyar kasuwar Jibiya ya ce da mutane ni bawansa ne, a taya shi cinikina. In na kai ƙara wurin gwaggo, wato mahaifiyarsa, sai ta yi dariya ta ce mu je can mu ƙarata. Ni ma ban taɓa raga masa ba. Har muka yi gemu ban gaishe shi da ladabi ko sau ɗaya ba, shi ma haka, don a tsakaninmu gaisuwar ladabi ta baƙi ce.

Shi boko ya karɓe shi. Ya yi ta karatu har ya zama malami a jami'a, ana ce masa Dakta, wai ilmin ruwan ƙarƙashin ƙasa ya karanta. Na ce masa duk wannan wahala da ya sha, ashe gina rijiya ya je koya. Ni kuwa mota na bi, ina ɗaukar kaya tsakanin Jibiya da Maraɗi, na san duk wani ma'aikacin kan iyaka da irin shayin da yake so. Da aka rufe iyaka, mota ta yi ta zama a ƙofar gida har tayoyinta suka sace, sai na tuna ina da gado. Na koma garka.

Gulbinmu, tun da aka tare shi da dam, yawancin shekara yashi ne kawai, amma akwai ruwa a kwance a ƙarƙashinsa. Kowane mai garka yana da bututu da ya kafa a ƙasa da ɗan injin fetur mai jawo ruwan. Kuma muna da tsari, ba wanda ya rubuta shi, ba wanda ya karya shi. Ba ma tayar da injuna gaba ɗaya, don in an yi haka ruwan yakan gudu, inji ya dinga shaƙar iska. Na gefen gabas su ba da ruwa da hantsi, mu na yamma mu ba da bayan azahar. Ranar Juma'a kowa ya kashe, a bar ƙasa ta huta, ruwa ya dawo. Da wannan tsari lemon babana ya rayu tun kafin a yi mini kaciya. Tumatir da albasa ina shukawa, amma su baƙi ne, shekara ɗaya su tafi. Lemon nan shi ne garkar. Babana ya rasu ya bar ni da shi, kuma in na shiga inuwarsa har yanzu nakan rage murya.

Wani rani sai ga taubashina da farar mota da ɗalibai, kowa da hular rana. Ya sauko yana taka fangalin albasata kamar gonar ubansa.

"Kai bawa, zo ka ɗaukam mani kaya," in ji shi.

"Wa ya sako mahaukaci cikin garka?" na ce. "Ku ɗalibai, wanga shi ka koya maku? Allah shi jiƙan iyayenku da asara."

Muka rungume juna. Ya ce bincike ya kawo shi. Suna so su san yawan ruwan da ke ƙarƙashin fadamar, inda yake fitowa da inda yake zuwa, don a tsara yadda manoma za su yi amfani da shi ba tare da ya ƙare ba. Maganar ta shige ni. Makwabtana suka yi ɗari-ɗari, don mu nan duk wanda ya zo yana auna ƙasa, ba a daɗewa sai ka ji ƙasar ta yi sabon mai ita. Ni na bi su garka garka ina lallashi. Na ce ɗan gida ne, jininmu ne, in ya ci amanarku ku kama ni. Haka suka bar shi ya shiga ko'ina.

Suka yi makonni suna jan wayoyi a ƙasa, suna kafa ƙusoshin ƙarfe, suna duba wata na'ura. A garkata suka kafa wani siririn bututu na awo, kusa da babban lemon da ke tsakiya. Taubashina ya ba ni igiya mai alamomi, a bakinta akwai ɗan ƙarfe kamar ƙaramin kofi a kife. In ka zura ta a bututun, da ƙarfen ya taɓa ruwa sai ka ji wata 'yar ƙara, ƙulum, sai ka duba alamar da ke bakin bututu. Aikina shi ne in auna duk ranar Asabar in faɗa masa ta waya. Na ɗauki abin da girma, ba na ɓoyewa. Har matata ta fara tsokanata wai ni ma na kusa zama Dakta.

Kafin su tafi ya zaunar da ni a gindin lemo ya zana mini a ƙasa da tsinke. Ya ce a zamanin da, gulbin ba nan yake bi ba. Akwai tsohuwar hanyarsa da ƙasa ta binne, cike da tsakuwa da ruwa, ta biyo ta ƙarƙashin wancan tudun da ke bayan garkata, sannan ta shigo ƙarƙashinmu. Shi ya sa lemon babana bai taɓa jin ƙishi ba. Na dubi tudun. Fako ne, sai geza da sabara, ko akuya ba ta daɗewa a kansa. Masu shi mutanen wani ƙauye ne ta wajen Gangara, da rashin zaman lafiya ya taso su suka dawo gari, suna neman abin sawa a baki. Na ce ikon Allah, ashe dukiya ce a kwance ba wanda ya sani.

Bayan damina aka kewaye tudun da waya. Aka ce wani Alhaji ne daga Katsina ya saya, ba wanda ya taɓa ganinsa. Motar haƙa ta zo ta yi kwanaki tana ruri, aka jera fayafayan sola, aka ɗora tanki a kan ƙarfe. Sai aka dasa ayaba, tudu guda. Duk wanda ya san ayaba ya san ba ta ƙoshi da ruwa. Ita kuma sola ba ta san gabas da yamma ba, ba ta san hantsi da azahar ba, ba ta san Juma'a ba. Da rana ta fito take fara ja, sai ta faɗi.

Igiyata ce ta fara gaya mini. Kowace Asabar sai na ƙara sakinta kafin in ji ƙulum. Injina da yake cika fangali kafin in gama cin goro, ya koma tari yana tofar da iska. Ni da makwabtana biyu muka je wurin mai gadin gonar, ya ce shi ɗan aiki ne, bai san komai ba. Sai na kira wanda nake ganin ya fi kowa sanin abin yi.

"Ruwa na gudu hwa," na ce masa. "Wani marar tsoron Allah ya kahwa sola bisa tsohon gulbin nan da ka nuna mani."

Ya ce, "Subhanallahi. To kar ka hwasa awo. Yanzu ne ma awon ya fi amfani. Da shi za mu kai magana inda ya dace."

Na ji sanyi a raina. Na gaya wa makwabta su kwantar da hankali, Dakta ya ɗauki maganar. Na ci gaba da zura igiya ina kira, shi kuma yana cewa madalla, sannu da ƙoƙari, bawan kirki. Na ƙara wa bututuna tsawo, bai yi ba. A rani na biyu na daina shuka albasa don in bar wa lemo ɗan abin da ya rage. Na sayo ruwa a kura ina zuba wa gindinsu, abin da ko mahaukaci ya san ba zai ɗore ba. Ganye ya nannaɗe, 'ya'ya suka zube tun suna ƙanana, rassan sama suka bushe. Na gefen tudu suka fara mutuwa, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana kiran suna.

Ranar wata Juma'a bayan masallaci na biya gaida gwaggo kamar yadda na saba. Ta tsufa, ido ya yi rauni, amma baki yana nan. Ta jawo wani kwando daga ƙarƙashin gado, ta ce in kai wa yara. Ayaba ce, manya manya, nunannu.

"Ta gonar taubashinka ce," in ji ta, tana murna. "Ai kai ka fi ni sani, tunda shina maƙwabtaka da kai. Ya ce da sunan abokinshi ya saya, gudun bakin mutane. Ɗanɗana ka ji, kamar zuma."

Ta ɓare guda ta miƙo mini. Na karɓa, don ba a mayar da hannun gwaggo. Na ci. Wallahi tana da zaƙi, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ruwan babana ne nake taunawa. Na tuna duk Asabar ɗin da na tsuguna a rana ina kasa kunne a bakin bututu, ina kiran mutumin nan ina gaya masa daidai inda wuƙarsa ta kai. Na yi wa gwaggo godiya. Na ɗauki kwandon na ajiye a zauren wani malamin almajirai da ke kan hanya, na wuce gida.

Ban kira shi ba, ban kuma ɗauki kiransa ba. Makwabtana da suka ji labari ba su kama ni ba, ko da yake ni na ce su kama ni. Ɗayansu ya dube ni kawai ya ce, "Ɗan gida ne, jininku ne." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da babbar sallah ya zo gari. Na san zan same shi a ɗakin gwaggo, na kuma je, don ba zan fasa gaida ƙanwar ubana saboda shi ba. Yana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakin da farar shadda, yana cin soyayyen nama. Yana ganina ya washe baki.

"Ga bawana ya iso! Kai, wa ya ba ka izinin ƙin ɗaukar wayar ubangidanka?"

Na ce, "Gonar bisa tudu taka ce?"

Hannunsa ya tsaya a cikin kwano. Sai ya yi dariya, irin dariyar da yake yi in ya sure mini hula. "To mi ne ne? Bawa da kayanshi ai duk na ubangidanshi ne. Haba, kar ka ɗauki abin da zahi. In ban saya ba wani zai saya, gara na gida. Sai in sa a jawo maka tiyo daga tankina, ka sha ka ba lemonka." Ya matso ya rage murya. "Amma don Allah ka koma awon nan. Rubutu nike kan yadda manyan famfuna ke shahwar ƙananan manoma, kuma ba inda aka samu awo mai kyau irin naka."

Na daɗe ina tunanin abin da zan yi in mun haɗu. Na yi zaton zan ɗaga murya, ko in ci kwalarsa. Amma da ya faɗi haka sai na ji komai ya kwanta. Ya ɗauki abin da babana ya bari, yana so ya saka shi a jerin hula da naman kwano, in yi dariya a wuce wurin. Dokar gidanmu ta ce ba a fushi da taubashi, ni kuwa ban karya ta ba. Na cire takalmina na ajiye a gefe, na durƙusa a gabansa kamar yadda ake yi wa manyan baƙi, na sunkuyar da kai.

"Ranka shi daɗe, Dakta," na ce. "Barka da sallah. An zo lahiya? Ya iyali? Allah shi ƙara girma."

Dariyar ta bushe a fuskarsa. "Kai, bari mana," ya ce. "Tashi, don Allah. Zage ni mana."

"Wane ni, ranka shi daɗe."

Gwaggo ta juyo da fuskarta wajen muryata, ta juya wajen ɗanta. Ba ta gani sosai, amma ta yi shekaru tana jin mu muna zagin juna tun muna rarrafe, ba ta taɓa jin wannan ba. Ta ajiye carbinta.

"Mi ka yi mashi?" ta tambayi ɗanta.

Na yi mata sallama na fita.

Babban lemon tsakiya shi ya fi daɗewa, ya kai har ranin da ya wuce. Da ya bushe ban iya sa masa gatari ba, sai na kira wani ya sare ina can bakin kasuwa. Bututun awon yana nan kusa da kututturen. Kwanan baya na zura igiyar, ba don in gaya wa kowa ba, na sake ta har ƙarshe. Ƙarfen ya sauka a kan busasshen yashi. Taubashina yakan zo gari, mukan haɗu a wurin suna ko jana'iza, kuma duk inda na gan shi ni nake fara durƙusawa in gaishe shi.