Gaisuwar Da Ta Cinye Mini Ƙafa

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da ku masu karatu. Ni ba gwanin rubutu ba ne, amma akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, yau na ga gara in sauke ta. A shekarun farko na mulkin kai, lokacin da Annasara suka sauka daga mulki amma likitocinsu ba su gama tafiya ba, ni direban kamyo ne, wato babbar motar kaya, a Gaya. Shekaruna talatin da 'yan kai, da matata da 'ya'ya uku. Gyaɗa nake ɗauka daga wajen Dosso, in haye gada in shiga Malanbil, in miƙa har Faraku inda jirgin ƙasan Dahomai ya tsaya, in komo da siminti ko gishiri. A tasha an san ni da iya tuƙi, an kuma san ni da saurin fushi. Ba na ɗaukar raini ko na wasa ne, kuma babu abin da na ƙi jini kamar a ce wane ba shi da kunya.

Farkon damina ne, wata safiya a bakin duwan, wato ofishin kwastan, na hau saman kaya don in ƙara ɗaure igiya, sai ta tsinke a hannuna, na faɗo ta gefen dama a kan busasshiyar ƙasa. Daga Gaya aka kai ni Dosso, daga Dosso aka wuce da ni Yamai. Can wani likita Bafaranshe ya ɗauki hoton ƙashi, ya ce kan ƙashin cinyata, wanda ke shiga cikin ƙugu, ya ɓalle, ba zai ɗoru ba. Ya fiɗe ni, ya cire shi, ya sa mini na ƙarfe. Ran da za a sallame ni ya kira wani ma'aikacin asibiti Bazabarme da ya ji Hausa, ya sa ya yi mini bayani har sau biyu a gaban matata. Wata uku kada in durƙusa, kada in zauna a tabarma, kada in harɗe ƙafa, kada in sunkuya ko da carbina ne ya faɗi. Salla ma a zaune bisa kujera mai tudu. Ya ce naman da ke riƙe da ƙarfen bai kama ba tukuna, in na lanƙwasa ƙugun da yawa zai fita daga gurbinsa. In kuwa ya fita, a kawo ni nan take, kada kowa ya ja ƙafar. Ya ce in na kiyaye, kafin a fara awon gyaɗa zan koma taka burki. Mai kamyon da nake ja ma ya yi alkawarin ajiye mini wurina har kaka, in ta wuce ban tashi ba, zai ba wani.

A hanyarmu ta komowa na yi wa matata kashedi cewa kada ta kuskura ta gaya wa kowa akwai ƙarfe a jikina. A lokacin mutane suna cewa ƙarfe a jikin mutum yana jawo tsawa, ga shi damina ce, na san in maganar ta fita, duk wanda ya ga hadari zai tashi daga kusa da ni, a tasha kuma sun sami sunan da za su liƙa mini har in mutu. Ta ce to. Muna isa gida ta sa kafinta ya yi mini doguwar kujera mai hannu, da wani akwati mai huda da ake ɗorawa bisa masai. Ita ke ɗaga mini ƙafa in zan kwanta, ta sa matashi tsakanin gwiwoyina. Ita ke tsaye bayana in ina koyon tafiya da sanduna biyu daga ɗaki zuwa rumfa. Sati na farko taku goma ke sa ni zufa, sati na huɗu har ina kai bakin zaure in leƙa titi. Ciwon yana raguwa, wallahi kowa ya gan ni ya san sauƙi ya zo.

Kujerar nan ita ce ta hana ni sakat. 'Yan dubiya su cika rumfa, dattawa sa'o'in ubana su baje a tabarma, ni kuwa ina can sama ina kallon tsakiyar kawunansu. Kowa ya ce ba komai, larura ce, limamin unguwarmu ma da kansa ya zo ya ce sallata a zaune ta yi, kada in sa wa kaina damuwa. Amma akwai wani abokin aikina direba, mai baki kamar reza, kullum ya shigo sai ya ƙame ya sara mini, ya ce ran kumandan ya daɗe, yaushe za a fara karɓar haraji. Mutane su yi dariya, ni ma in yi yaƙe. Wata rana na jiyo wani tsoho a zaure, da zai fita, yana cewa da ma duk wanda ya kwana hannun Annasara ba ya komowa da kunyarsa cikakkiya. Ban san ko da ni yake ba. Ni dai na ɗauka da ni yake, na kwana uku ina juya maganar.

A sati na biyar aka aiko daga Yelu cewa surukina, mahaifin matata, zai zo duba ni ranar kasuwa. Mutumin nan shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa, ban taɓa faɗin sunansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa har ƙasa, ba na tashi sai ya ba ni izini. Haka na taso na ga ana yi, haka nake yi. Matata ta san halina, tun kafin ya zo ta aika masa da bayani cewa likita ya hana ni durƙuso, ya aiko cewa ya ji. Da safiyar ranar ta tsaya a kaina tana roƙona, ta ce in tuna 'ya'yanmu, in tuna saura 'yan makonni in ajiye sanda. Na daka mata tsawa, na ce ni yaro ne da za ta yi ta maimaita mini magana ɗaya? Na ce na ji, ba zan durƙusa ba.

Da hantsi suka iso, shi da wasu dattawa biyu na garinsu. Rumfa a cike, har da direban nan mai baki. Da na ji sallamarsa sai na kama sanduna na miƙe tsaye. Tsohon ya ɗaga mini hannu tun daga ƙofa, ya ce, "Zauna abinka, ɗana. An faɗa mini, ba komai." Ya tuɓe takalmansa ya zauna a tabarma, daidai gaban kujerata. Na dubi kujerar, na dubi farin gemunsa a can ƙasa, sannan na ga direban yana murmushi yana gyara zama, kamar mai jiran kallo. Ban san lokacin da na saki sandar dama ba. Na tafi ƙasa a hankali, ina ce wa kaina rabi kawai zan yi. Ban kai rabin ba na ji wani abu ya ce ƙas a cikin ƙuguna, ƙafar ta tafi da ni, na zube a kan gwiwa ɗaya. Azabar da na ji ko ranar da na faɗo daga kamyo ban ji irinta ba. Amma ban yi ƙara ba. A haka na gaishe shi, na tambayi mutan gida, na tambayi damina da gero, zufa tana ɗiga daga haɓata. Ya ce in tashi, ya sake cewa in tashi, sai a na uku ya gane ba zan iya ba.

Mutum huɗu suka ɗauke ni zuwa ɗaki. Ƙafar ta juya ciki, ta gajarta, ko yatsa aka taɓa sai in ga duhu. Matata ta yafa mayafi ta ce za ta tasha a nemo mota a kai ni Yamai yanzu-yanzu. Da na bar ta ta tafi, da yau ba ni da labarin da zan ba ku, domin daga baya likitan ya ce da an kawo ni a ranar, mayar da shi kawai zai yi. Amma surukina, hankalinsa a tashe, ya ce akwai wani maɗori kusa da garinsu da ya gaji ɗori tun kakanni, shi ya ɗora ƙanensa da doki ya kayar, bari a ɗauko shi. Na tuna hanyar Dosso, jar ƙasa ce duk ruwa ya cinye ta. Na tuna idon likitan nan in ya ji ko wata biyu ban yi ba na karya dokarsa. Abin da ya fi duka, na ga in na ce a'a, na ƙi maganar surukina a gaban mutanen garinsu. Na ce a ɗauko maɗori. Matata ta sunkuyo ta ce mini a hankali, "Malam, ka ji tsoron Allah, ka san abin da ke ciki." Na ce in ta sake buɗe baki a kan wannan magana, ta bi ubanta su koma Yelu tare.

Washegari da azahar maɗorin ya iso. Dattijo ne mai natsuwa, ba mai gaggawa ba. Ya yi bisimilla, ya shafa ƙugun, ya bi tabon ɗinkin da yatsa tun daga sama har ƙasa, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya sa kowa ya fita sai surukina, ya dube ni ya ce, "Ka gaya mini tsakaninka da Allah, sun sa maka wani abu a ciki? In da ƙarfe, hannuna ba ya taɓawa." Ina jin numfashin matata a bayan ƙofa. Surukina yana zaune ya zuba mini ido. Na ce, "Babu komai a ciki, Baba. Gyarawa suka yi suka ɗinke." Ya sake tambaya, na sake faɗa. Sai ya kira ƙarti biyu suka danne mini kafaɗu, ya kama ƙafar ya ja, ya murɗa yadda ya saba yi wa targaɗe. A ja na biyu na ji ƙashin cinyar ya tsage daga inda ƙarfen ya shiga. Shi ma ya ji, domin na ga fuskarsa ta canja, ya saki ƙafar ya dube ni. Ya ɗaure da karare, ya yi tofi, ya ƙi karɓar ko goro, ya tafi.

Kwana tara na yi a kwance, cinya ta kumbura ta yi suntum, zazzaɓi ya rufe ni har ina kiran sunayen garuruwan hanya. A rana ta goma matata ta fita ba da izinina ba, abin da ba ta taɓa yi ba, ta je tasha. Wanda ya kawo kamyonsa ya shimfiɗa mini katifa a baya, ya yi ta lallaɓa ramuka har Yamai, shi ne direban nan mai baki, kuma har muka isa bai yi mini wasa ko ɗaya ba. Likitan ya dubi hoton, ya dube ni, bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce ƙashin ya fashe, wurin ya yi ruwa, dole a cire ƙarfen, kuma babu sauran inda za a kafa wani. Wata huɗu na yi a asibiti. Da na komo Gaya an gama awon gyaɗa, kamyona yana hannun wani, ƙafata ta dama ta gaza ta hagu da yatsu huɗu. Ban sake taka burki ba har yau.

Ƙafar ba ita ce ta sa na rubuto muku ba, na saba da ita. Da labari ya bazu cewa da ƙarfe a ciki, sai aka ce maɗorin ne ya yi ganganci, ya ja ƙafar da Annasara suka yi wa aiki bai bincika ba. Mutane suka janye daga gare shi, sana'ar da ya gada ta mutu a hannunsa, kuma bai taɓa fitowa ya ce ƙarya na yi masa ba. Surukina shaida ne, a gabansa aka yi, amma ya zaɓi ya rufa mini asiri, ya ɗora laifin a kansa. Ya riƙa ce wa mutane shi ya karya ni sau biyu, da zuwansa da kuma maɗorin da ya kawo. Bai sake taka gidana ba don nauyin abin, 'yarsa sai dai ta je can ta gan shi. Sau da yawa na yi niyyar in je in durƙusa wa dattawan nan biyu, surukina da maɗorin, in faɗi gaskiya a gaban jama'a, in ce sai bayan salla, in ce sai an yi girbi, har duka biyun suka rasu.

Don haka nake jan kunnen duk wanda aka yi wa aiki aka kafa masa doka, ya riƙe ta ko duk gari za su yi masa dariya. Mai dariyar nan gobe ya manta, kai za ka zauna da abin. Girmama manya wajibi ne, har yau ina koya wa 'ya'yana, amma ni abin da na yi ran nan ba girmamawa ba ne. Tsohon ya yafe mini durƙuson da bakinsa, idon mutane na durƙusa wa. Kuma in mai magani ya tambaye ku abin da ke jikinku, likita ne ko na gargajiya, ku faɗa masa gaskiya, domin in ta ɓaci ba ku kaɗai za ta shafa ba. Ina roƙon masu karatu ku sa dattawan nan biyu cikin addu'a, ni ma ku roƙa mini gafara. In akwai wani daga zuriyar maɗorin nan da wannan takarda za ta kai gare shi, ya sani kakansa ya tambaye ni har sau biyu, ni ne na ce masa babu.