Matar da na gani cikin furannin Hatta

Masu karatu, abin da zan ba ku ba ji na yi ba, ni ya faru da ni, Allah shi ne shaidata. Shekarun baya ina gyaran iyakwandishan a unguwar Deira ta Dubai, ina kwana a Al Buteen, to ni ɗan kan dutse ne daga wajen Jos, zaman ɗaki ba ya karɓata, shi ya sa duk Asabar nake hawa mota zuwa duwatsun Hatta. Mutane suna zaton Dubai babu komai sai gini da rairayi, ba su san idan aka yi ruwan sama lokacin sanyi ba, kwazazzaban nan cika suke da furanni, rawaya, shuɗi, da wani ja mai tsami kamar yakuwa. Ba yabon kai ba, har 'yan Najeriya suka riƙa bina ina nuna masu hanya.

Ranar mun tafi da 'yan ƙungiyarmu ta 'yan Najeriya, cikinsu akwai Alhaji Auwalu, Bakano mai shago a unguwar Al Sabkha, dattijo ne mai ciwon gwiwa amma ya nace sai ya gani da idonsa. Muka gangara wani kwari mai magarya da bagaruwa, furanni shimfiɗe har inda ido ya tsaya, rana tsaka, ko ɗigon hadari babu. Aka shimfiɗa tabarma ana fito da abinci, ni kuma na ɗan ƙara gaba in duba hanya.

Bayan wata magarya na tarar da wata tsohuwa a tsugune, da baƙin mayafi, tana shafa furanni kamar mai shafa kan jikoki. Na yi mata gaisuwar Larabcin da na iya. Ta ɗago ta amsa da Hausa, Hausar ma irin ta garinmu, ta ce, "Ɗan Ladi, kwashe mutanenka ku hau sama. Kada ku tsaya cin abinci."

Ladi sunan mahaifiyata ne, kuma duk Dubai babu wanda ya san shi. Na waiga in ga ko akwai wani, na juyo, babu kowa. Sai furannin, duk sun kau da kai daga rana sun fuskanci gangaren hagu, alhali ko iska babu.

Na koma na ce kowa ya tashi. Aka fara gunaguni. Alhaji ya ce, "Haba Injiniya, shwaiya, a hankali mana, yanzu fa muka zauna."

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, yau ɗaya ka bi maganata ba tambaya."

Ya dube ni, ban san abin da ya gani a fuskata ba, ya ce da sauran, "Khalas, magana ta ƙare, ku tashi."

Muka kama gangaren hagu, gwiwar Alhaji ta ƙi, na goya shi a baya kamar buhun masara, yana salati ni ina kiran sunan Yesu, kowa da nasa. Muna isa kan tudu muka ji ƙugi kamar tirela. Ruwa ne, ja wur, da duwatsu da itatuwa, ashe can bayan duwatsu aka yi ruwan. Tabarmarmu da kulolin abinci, a gaban idonmu suka tafi. Na duba mutanena ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ko takalmi ya rasa. Har yau idan na tuna sai in ji kaina ya yi girma, don ni na kai su, ni kuma na fito da su. Alhaji kuwa duk wanda ya shiga shagonsa ina wurin sai ya nuna ni ya ce masa, "Ga wanda ya goya ni."

Da yamma na kira gida, ban riga na ce komai ba Mama ta ce, "Kun fita daga rafin?" Wai da hantsi, wato daidai rana tsaka a Dubai, tana shara, ta ji muryar mace ta bayan danga tana cewa ɗanki ya fita, kwantar da hankalinki. Ta leƙa ba ta ga kowa ba.

Na koma kwarin nan sau da yawa, ban sake ganin tsohuwar ba, ban kuma taɓa tsinkar fure ko ɗaya ba tun ranar. Shawarata gare ku, idan kun shiga jeji ku yi sallama ko ba ku ga kowa ba, kuma idan aka ce ku tashi, ku tashi tukuna, tambaya daga baya.