Kwali biyu, magani ɗaya

Salamu alaikum jama'a. Na san na ɓace muku tun kafin damina, har wasu na tambaya ko aure na yi a ɓoye. Ina fa! Jinya na sha, kuma saura ƙiris da sai dai ku ga hotona ana yi mini addu'a.

Ina koyarwa a lakkol, makarantar boko, a Gidigir, gidanmu kuma yana Gure. Abin ya fara da ƙishirwa. In sha ruwa, in ƙara, in bar yara tsakiyar darasi in fita fitsari, ga rama.

Na je gidan likita wurin majo, shugaban ma'aikatan jinyar wurin. Abokin marigayi mahaifina ne, Baba nake ce masa. Ya soki yatsana ya auna jini, ya ce, "'Yata, sukari ne. Amma ana rayuwa da shi."

Na yi kuka sosai.

Bai ba ni ordonansi ta takarda ba. A wata na'ura mai kama da babbar salula ya rubuta maganin. Ya ce gwaji ne ake yi a wasu gidajen likita na yankinmu: rubutun yana tafiya farmasi kai tsaye, kuma duk lokotoro, wato likita, da ke cikin tsarin zai iya gani. Na yi tsaki a raina, na ce su dai ba sa rasa sabon salo.

Ban gaya wa kowa a gida ba, don kada hankalin Inna ya tashi.

Da aka yi hutu na koma Gure. Yaya Ari, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, yana ganina ya yi salati. Bai yi shawara da ni ba, ya sayar da ragonsa ya kai ni wani kilinik mai zaman kansa a Damagaram. Su ba sa cikin gwajin. Lokotoron can ya tambaye ni, "Kina shan wani magani?"

Yaya na tsaye a kaina. Na ce a'a.

Ku da kuka tashi a irin gidajenmu kun gane. Babba ya yi maka ɗawainiya har ya rabu da dabbarsa, da wane baki za ka ce ai kana da magani tuni? Aka ba ni wani kwali, launi daban, suna daban. Na ɗauka wani iri ne, na riƙa haɗawa da na Baba majo.

Sai gumi, sai rawar hannu, sai yunwa kamar ban taɓa cin abinci ba. Wata rana da hantsi ina tankaɗe a tsakar gida na kife. Inna ta ce iska ce. Yaya ya ce ko mene ne, asibiti tukuna.

Na farfaɗo a asibiti da sirum a hannu, ana yi mini ƙarin ruwa. Lokotoron mace ce, 'yar Tawa, ba ta da yawan magana. Ta ce sukarina ne ya faɗi ƙasa warwas. Yaya ya miƙa mata kwalin Damagaram, don shi ne kawai maganin da ya san ina sha. Da ya ga har ina hira sai ya fara maganar a sallame mu.

Ta duba kwalin, ta sa sunana a na'urarta, ta karanta abin da ya fito. Sannan ta ce, "Alhaji, ɗan ba mu wuri."

Da ya fita ta rage murya. "Madam, na Gidigir fa, kina shan sa har yanzu?"

Na sunkuyar da kai.

"Magani ɗaya ne, kamfani ne ya bambanta. Ninkawa kike yi. Yana daɗewa a jiki, yau ba inda za ki."

Da la'asar sukarin ya sake faɗuwa, har na daina gane mutane. Ma'aikatan jinya suna kusa, suka taro shi. Da a gida nake, Allah kaɗai ya sani. Kuma wallahi da a gaban Yaya ta tambaye ni, a'a zan sake cewa.

Kuɗin gado da sirum da analiz na jini sun cinye sauran kuɗin ragon. Yanzu alhamdu lillahi, ƙwaya guda nake sha, na koma aji.

Kwanan baya masu auna gwajin suka zo suna tambayar marasa lafiya ko a ci gaba da shi. Ban ɓoye musu ba: in rezo, wato sabis na waya, ya ɗauke ana shan jira, tsofaffi kuma suna son takarda a hannu. Amma na ce don Allah kada a tsayar, a ma shigar da kilinik-kilinik ciki.

Na gode wa lokotoron nan da ta rufa mini asiri ta kuma ceci raina. Na gode wa Baba majo da ma'aikatan jinya. Allah ya saka.

Shawarata: in za ku asibiti, ku zuba duk kwalayen maganinku a leda ku tafi da su, har na gargajiya. In akwai wanda kuke jin nauyi a ɗakin, ku roƙi a bar ku da lokotoro.

Ni da bakina na gaya wa Yaya daga baya. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya ce, "Zara, da kin mutu don kunyata, ni ina zan sa kaina?"

Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.