Akwatin da Ya Karya wa Inna Azumi

Ɗinki ne sana'ata, a wani ɗan shago a Albarika, cikin Parakou. Amma a nan ba kan ɗinki zan yi magana ba. Ina da wani ciwo na son kwance abu. Rediyo, tocila, fanka, duk abin da ke da waya a ciki sai na ga hanjinsa. Matata ta daina sayen agogon bango saboda ni.

Mahaifiyata, Inna, tana gidanmu na gado a Djougou tare da yayata. Kunnenta ya yi nauyi, ba ta jin kiran salla. Ita kuwa Yaya da yamma tana ƙofar gida tana suyar ƙosai, sai cinikin buɗa baki ya lafa take shigowa. Saboda haka Inna kan zauna da ruwa a gabanta tana jiran wanda zai leƙo ya ce an sha.

Da azumi ya gabato sai na ce zan raba ta da wannan jira. Na samo tsohuwar waya, na zuba mata manhajar lokutan salla, na haɗa ta da lasifikar wata rediyo da na kashe, na jona jan ƙwan fitila, wato ampul, wanda ke kamawa idan kiran ya tashi. Na sa duka a akwatin katako, har fenti na yi masa. Mako guda ina gwada shi da masallacin unguwarmu, ladan na buɗe baki ampul na kamawa. Kaina ya kumbura.

Matata ta ce, "Maigida, in ka je ka nuna wa Malam liman kafin ka ajiye mata."

Na ce, "Malam ya san fikihu, ni na san waya. Kowa da fanninsa."

"To, injiniya. Allah ya kiyaye hanya."

Na kai akwatin ana jibi azumi, na kafa shi a ɗakin Inna, na juyo Parakou a ranar. Ko magariba ɗaya ban tsaya na ji ba. Na ce da ita da ƙarfi a kunne, "Da kin ga ja, ki sha ruwa." Ta sa mini albarka, ta kira maƙwabta su zo su ga aikin ɗanta. Abin da na je nema ke nan, gaskiya, kuma na samu.

Ran biyar ga wata Yaya ta kira ni. Ta ce wata maƙwabciya ta kawo kunu, ta tarar Inna na tauna dabino, ladan kuwa sai da ta fito tsakar gida ya kira.

A nan ne laifina ya fi girma. Da na yi shiru na duba, da abin ya tsaya a kwana biyar. Sai na hau faɗa. Na ce ladanin nan tsoho ne, agogonsa ya girme ni, shi ke makara. Na ce na'ura ba ta kuskure. Yaya ta ce, "Kai dai tun kana yaro ba a gaya maka." Na kashe waya ina huci. Ita ma haushina ya sa ta bar zancen, Inna kuwa ta ci gaba da bin ampul, don ɗanta ne ya yi.

Sai ran sha ɗaya Malam, limamin masallacin ƙofar gidanmu, ya kira ni da kansa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, wane gari ka rubuta wa wayar nan?"

Na ce Parakou.

"Djougou tana gabas da ku ko yamma?"

Tun ina lekol, makarantar boko, na san yamma take. Rana kan faɗi mana a Parakou, su a can tana nan da sauranta kamar minti huɗu. Sunan gari kawai zan canja a cikin wayar, aikin da bai kai ɗaura zare a keken ɗinki ba. Ban yi ba, kuma da aka gaya mini sai na zagi ladan.

Malam ya ce Inna ba ta da zunubi, ba kaffara a kanta, amma kwana goma sha ɗayan nan sai ta rama. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda ta wuni da ƙishirwa tun asuba cikin zafin nan, minti huɗu sun kwashe mata wunin, sau goma sha ɗaya.

Bayan salla da kwana biyu na rufe shago na tafi. Na durƙusa a gabanta na fara bayanin gabas da yamma. Ta ɗaga hannu.

"Ba na ji, kuma ba na so in ji. Gobe zan fara ramuwa."

Na ce na gyara akwatin, yanzu daidai yake da Djougou.

"Gyara shi ka kai wa matarka. Kai dai kana da kunne, ko shi ma ka kwance?"

Yaya ta yi dariya har ta saki ludayi.

Aikin da Inna ta ba ni shi ne in zauna a bakin zaure kowace yamma, in kasa kunne. Idan ladan ya kira, in tashi in shiga in taɓa mata kafaɗa. Ba zan iya ɗauke mata ramuwar ba, sai na yi azumin tare da ita, ko ba komai in san abin da na jawo. Masu kaya suna ta kirana daga Parakou, ɗinkin wani biki ya wuce ni. Ladanin nan da na ce agogonsa ya girme ni kullum ta gabana yake wucewa, ya ce, "Injiniya, ƙarfe nawa a wurinku?" In sunkuyar da kai in gaishe shi.

A rana ta ƙarshe na taɓa kafaɗarta, ta ɗauki kofi, sai ta tsaya ta dube ni.

"Ka ji da kunnenka?"

"Na ji, Inna."

Duk da haka sai da ta ƙwala wa Yaya kira ta tambaye ta, sannan ta sha.