Matan Kala a Bangon Ɗakina

Shekarar da sojoji suka koma bariki, ina da jika ɗaya, ina kuma aji biyu a makarantar matan aure. Kowane bango a unguwarmu ta Sheshe ya sha fastar 'yan takara, har zaurenmu bai tsira ba. Ana cikin haka Malamarmu ta kwashe mu zuwa wani lambu wajen Ƙofar Nassarawa, wai mu ga zanen Turawa.

Lambun kam ya yi min. An yi ƙananan gine-ginen ƙasa, ga soro da zankwayensa, ga rufi mai bakan gizo, aka rataye zane-zanen a jikinsu cikin inuwar darbejiya. Malama ta ce na ainihin suna can Turai a tsare, waɗannan kwafi ne.

Na ce, "Malama, ko atamfar jikina kwafi ce, kuma ta rufa min asiri. Mu je."

Na wuce wasu sarakuna masu gashi kamar na mata. Na wuce kwanon 'ya'yan itace da har yau ban ga dalilin zana shi ba. Sai na ci birki gaban wasu mata uku a gona, sun duƙa suna tsintar zangarniyar da masu girbi suka bari. Kala! Ashe Turawa ma sun yi kala. Na tsaya har 'yan ajinmu suka bar ni. Da ma'aikacin wurin ya ga ban da niyyar motsi, ya yi dariya ya naɗo min ƙaramin kwafin zanen.

A gida na sauke faranti biyu daga jere na kafa shi. Duk abin da ke ɗakin nan gwaggonnina suka zaɓa min ranar aure. Wannan ne abu na farko da idona ya zaɓa, ban kuwa yi niyyar sauke shi ba.

Sai dai gidan na Iya ne, mahaifiyar maigidana, kuma maganarta yankan wuƙa ce. Kafin azahar labari ya kai mata. Ta dogaro sandarta har ƙofar ɗakina.

"Ke 'yar boko, yanzu kuma mala'iku za ki korar mana? Sauke shi."

"Iya, ƙaton kan ɗan takara na manne a zaure tun kafin zaɓe, haƙora waje. Ta nan mala'ikun ke shigowa, ba su juya ba?"

"Bakin nan naki sai Allah. Matsa, ni na cire."

Na matsa. Idonta ya yi rauni, don haka sai da ta kai hancinta kusa da takardar. Hannunta na sama, amma bai sauka ba. Ta daɗe a haka. Na manta Iya a ƙauye ta tashi, aure ya kawo ta birni.

"Ta tsakiyar nan ba ta iya ba," ta ce. "Wa ke duƙawa haka? Kafin magariba ƙugu zai ci ta. Gonar wa ce?"

"Ban sani ba, Iya."

"Ko ta wa ce, marowaci ne. Ji ɗan abin da ya bar musu. Bayin Allah, ko fuskar kirki ba a yi musu ba."

Ta zauna bakin gado ta ba ni labarin kalar dawa da suka yi da mahaifiyarta wata shekarar fari. Shekara da shekaru muna gida ɗaya, ban taɓa jin sa ba. Can ta miƙe ta nuna ni da sanda.

"Amma ke ba ki da kai. Kin kafa su a gabas, su za ki yi wa sujada? Mayar da su yamma."

Na mayar. Suna nan a bangon yamma har yau, sun ɗan koɗe. Daga ranar, in Iya ta idar da la'asar takan leƙo ɗakina, ba don ni ba. Sai ta dubi bango ta ce, "Sannunku da aiki."