Baba Sannu-Sannu da Murhun Mama

Da zarar zafi ya kama, tun rana ba ta yi ƙarfi ba za ka ji kukan baron Baba magini a layinmu. Tayar baron ta daɗe tana wannan kuka. Kowa ya ba shi shawarar ya ɗiga mata mai, shi kuwa sai ya ce a ƙyale ta, ita ke yi masa sallama. A cikin baron akwai cokalin gini da guduma da igiyar awo da wani tsohon bokiti, sai gorar ruwa da ya naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Yana tafe yana gaisawa da mutane, ba ya wuce ƙofar da ya taɓa yi wa aiki bai tambayi lafiyar masu gidan ba, har da lafiyar daɓen da ya yi musu.

Lokacin zafi shi ne kakarsa. Ɗakuna sun zama tanda, kicin ba ya shiguwa, fanka sai iska mai zafi take hurowa. Kowa ya kwashe rayuwarsa ya koma bayan gida. A can ake girki, a can ake wanki, a can yara ke watsa wa juna ruwa da tiyo, a can ake shimfiɗa tabarma a ci abinci. To a nan ne ake tunawa da shi. Wannan na son rumfa, wancan daɓensa ya farfashe, wata na son murhu a waje, wani magudanarsa ta toshe yana tsoron ruwan sama ya riske shi a haka.

Sunan Sannu-Sannu kuwa halinsa ne ya jawo masa. Idan ka kira shi aiki, ba ya taɓa komai da zuwansa. Sai ya kifa bokiti ya zauna, ya karɓi shayi, ya yi ta kallon inda rana ke faɗowa da inda iska ke shigowa. Mai gida ya gaji ya ce, "Baba, yaushe za a fara?" Shi kuma ya ce, "Ai na fara, ba ka ga ina zaune ba?"

Telan da ke kusa da mu ya sha wannan zama. Ya kira shi ne ya sare masa bishiyar mangwaron bayan gidansa, wai ganye ya ishe shi, a yi daɓe fes. Baba ya zauna a gindinta har azahar, sannan ya ce, "Ɗana, inuwar da na sha yanzu, ko kwanon rufi nawa ka sa ba za ka same ta ba. In sara kake so ka nemi wani, in gyara ne ga ni." Tela ya yi fushi, daga baya ya sauko. Baba ya zagaye bishiyar da dakali, ya bar wa saiwarta wurin shan ruwa. Yau in zafi ya tsananta, a nan Tela ke fito da kekensa yana ɗinki, kuma shi da bakinsa ke ba da labarin.

Irin waɗannan labarai suna da yawa a layinmu. Amma ni namu na fi sani, shi zan faɗa.

Mama ta yi shekaru tana ciyar da mu da duk wanda ya shigo gidanmu. Mace ce da ba ta yarda wani ya taɓa mata tukunya. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta, ya tafi da hannun hagu da ƙafar hagu. Aka sallamo ta daga asibiti a kan keken marasa lafiya. Likita ya ce jikin zai iya ɗan dawowa in tana motsi tana shiga mutane, amma Mama ta shige ɗaki ta juya wa duniya baya. Abinci sai an yi ta lallashi, magana sai e ko a'a. Matar da muryarta ke kaiwa bakin titi ta koma sai ka sa kunne. Muna ganinta tana ramewa, mun rasa yadda za mu yi.

Ni ce auta, ni na karɓi girki. Da zafi ya shigo na kasa tsayuwa a kicin, sai Yaya ya kira Baba ya yi mana rumfa da murhu a bayan gida. Ya zo ya kifa bokitinsa daidai tagar ɗakin Mama, ya gama kallonsa, sannan ya tambaya, "Wa ke girki a gidan nan?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Sai muka ji murya daga taga, ƙasa-ƙasa: "Ita ke ƙonawa dai."

Ni da Yaya muka kalli juna. Rabon da mu ji Mama ta yi wa wani tsiya tun kafin ciwon. Baba bai yi dariya ba. Ya miƙe ya matsa jikin taga ya ce, "Maman Auta, sannu da jiki. Ashe mai tukunyar na ciki. In kin ba ni izini zan shigo in auna ki."

Ta ce, "Auna ni? Riga za ka ɗinka mini?"

"Murhu zan ɗinka miki."

"Ni na gama da girki. Ka yi wa masu hannu biyu."

Ya ce, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan gaskiya ne. Amma ban taɓa jin an ce ba ya juya miya ba."

Ba ta ce ya shigo ba, ba ta kuma ce kada ya shigo ba. Ya shiga ya durƙusa gaban kekenta, ya auna daga ƙasa zuwa gwiwarta, ya roƙe ta ta miƙa hannun dama ya ga iya inda yake kaiwa. Ta miƙa tana harararsa.

Da muka fito Yaya ya ja shi gefe, ransa a ɓace. Ya ce, "Baba, wuta ce fa. Ƙafarta ba ta jin zafi sosai. In tukunya ta kife mata, wa zan kama? Ni rumfa da murhun Auta na ce a yi."

Baba ya ce, "Tsoronka na kan hanya, ɗana, ni ma shi nake ji. Ka ba ni dama in gina. In na gama ka zo ka gwada da kanka, ka tura tukunyar, ka girgiza ta. In ka ga abin da zai cuce ta, da hannuna zan rushe."

Haka aka yi. Ya fara da matakalar ƙofar baya, ya fasa ta ya yi gangara mai sauƙi, ya karce simintin don kada taya ta zame, ya kafa ƙarfen riƙewa a gefe. Murhun kuwa ya yi shi kamar tebur, da fili a ƙasa inda gwiwoyi za su shige. Bakin wutar ya kai shi can gefe nesa da ƙafafu, ya yi wa tukunya gurbin da za ta zauna daram, ya fitar da hayaƙi ta bututu har saman rumfa.

Wata rana da rana tsaka, Mama na barci, ya ce in aro masa kekenta. Na fito da shi ban san me zai yi ba. Sai ga dattijo ya zauna a kai, ya cusa hannunsa na hagu cikin riga, ya turo kansa gaban murhu da hannu ɗaya, ya ɗauki ludayi yana juya tukunyar da ba komai a ciki. Gumi na zuba, shi ko a jikinsa. Ya miƙa hannu wajen da za a ajiye gishiri, ya ga sai ya karkata. Ya girgiza kai, ya tashi, ya ɗauki guduma ya rushe ɓangaren da ya wuni yana ginawa kwana ɗaya kafin nan.

Na ce, "Haba Baba, ɗan wannan?"

Ya ce, "Ɗan wannan ne zai kayar da ita."

Kai ne ka zauna a kujerar da kowa ke tsoron zama, Baba, don ka ga duniya daga inda Mama ke ganinta. Mu da ta haifa, muna tura keken kullum, ba wanda ya taɓa tunanin hawa.

Aiki ya ƙare, Yaya ya zo ya girgiza tukunya iya ƙarfinsa, ba ta motsa ba. Ya ce to. Amma Mama ta ƙi fitowa. Muka yi lallashi, ta ce mu ƙyale ta. Na kai wa Baba ƙara, ya ce, "Kada ku matsa mata. Ke dai ki riƙa girki a kai, ki bar tagarta a buɗe."

Murhun ya yi mini ƙasa, sai na sunkuya, bayana har ciwo yake. Kwanaki suka wuce. Ran nan da yamma ina soya albasa, ƙawata ta kira ni a waya, hira ta yi daɗi, ƙauri ya tashi. Sai na ji an kwaɗa mini kira da muryar da na daɗe ban ji ba: "Auta! Zo ki tura ni, kafin ki ƙone mana gida!"

Na ruga. Muka gangaro a hankali, gwiwoyinta suka shige ƙarƙashin murhun kamar an gwada, ai kuwa an gwada. Ta karɓe ludayin, ta ce in zubar da wannan baƙin abu in yanko wata albasar. Ta sa mai, ta jira, ta zuba. Ta miƙa hannu ta ɗauki gishiri ba ta ko duba ba. Ina tsaye a bayanta na ga kafaɗarta na rawa. Na ce, "Mama, hayaƙi ne?" Ta ce, "Albasa ce, sarkin tambaya." Yaya da ya dawo daga aiki ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa ƙarasowa.

Washegari sai ga kukan baro. Wai ya zo duba ko siminti ya tsage. Mama ta sa aka zaunar da shi a inuwar rumfa, ta zuba masa shinkafa da miyar kifi. Ya kai loma ɗaya, ya dube ni ya ce, "Auta, ki yi haƙuri, wannan ba hannunki ba ne." Mama ta yi dariya har da tari.

Tun daga ranar ba ta koma zaman ɗaki ba. Hannun hagun bai dawo duka ba, amma yanzu yana riƙe murfi. Maƙwabta na shigowa hira da yamma, jikoki na gasa masara a gefen wuta tana yi musu faɗa. Wata ma'aikaciyar jinya da ke zuwa duba ta ta ga murhun, ta riƙa ba iyalan marasa lafiyarta labari. Ta haka Baba ya shiga gidaje da dama, ya yi wa wannan gangara, ya sauke wa wancan famfo, ya yi wa wani tsoho wurin zama kusa da shukokinsa. Ba allo ya kafa ba, ba a taɓa kiran sunansa a taro ba.

Bana gwiwar Baba ta ce ta gaji. Likita ya hana shi durƙuso da ɗaukar nauyi, 'ya'yansa suka tsaya kai da fata sai ya ajiye aiki. Muka je gaishe shi, ni da Yaya da Tela. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, ta ce mu zagayo baya, tana girki. Abin da muka gani ya ɗaure mana kai. Ƙasa ce tsura, ba daɓe, ba rumfa. Wani yagaggen tanti aka ɗaure da igiya, Inna na tsugune a ƙarƙashinsa gaban duwatsun murhu, rana na dukan bayanta.

Ta ga muna kalle-kalle ta ce, "Kun ga gidan magini ko? Tun ina amarya ake ce mini bari a gama na mutane."

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai yanzu na gama."

Ta ce, "Ka gama, gwiwa ma ta gama."

Muka yi dariya, amma ba wanda ya ji daɗi. A hanyar komawa Tela ya ce, "Wallahi mun ji kunya." Kafin ƙarshen mako magana ta zagaye layi. Wani ya kawo bulo, wani yashi, wani ragowar kwanon rufinsa, wani direba ya kwaso su a motarsa. Aka ɗora Baba a kujera a tsakiyar fili, aka ce bakinsa kawai ake so. Ranar mun sha faɗa. Yaya ya kwaɓa siminti ya yi ruwa, Tela ya ja igiya ta karkace, Baba na ta salati yana cewa, "Wayyo, za ku kashe ni da raina!" Sau da yawa yana yunƙurin tashi, Inna na danna kafaɗarsa. Mama kuwa tana can gaban murhunta, ita ta ciyar da ma'aikatan duka.

Da aka ɗora kwano na ƙarshe, Inna ta shiga inuwar ta tsaya, ta ɗaga kai tana kallon rufin. Sai ta kama bakin mayafinta ta goge ido.

Baba, kai ne magini mai tambayar wa zai zauna kafin ka tambayi bulo nawa za a saya. Kai ne ka fito mana da uwarmu daga ɗaki ba tare da ka ja hannunta ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba gwiwar nan sauƙi, ya sa ka daɗe kana shan inuwa.

Ku kuma masu sana'a, matasa da manya, ga abin koyi. Kafin ku ɗaga guduma ku dubi mutanen gidan, har da wanda ke cikin ɗaki bai fito ba. Mu da ake yi wa aiki kuma, mu riƙa leƙa bayan gidan masu yi mana, kada mu jira sai ƙarfinsu ya ƙare.

Mun sani, Baba, ka ga inda dakalin da muka yi maka ya ɗan karkace ta gefen famfo, kuma mun san yana hana ka sukuni. Inna ta gaya mana ta kulle kayan aikin ta ɓoye makullin. Ka bar shi haka. Aikin hannunmu ne, iyakar iyawarmu ke nan, kuma don ka zauna muka yi shi.