Rabon Yaya a Rijiyar Mai

Shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabo, yayana ya sayar da injin ban ruwansa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Shinkafar rani yake nomawa a fadamar Argungu, ni kuma ina aure a Badariya, cikin Birnin Kebbi. Injin nan shi ne ran gonar, sai dai shan mai gare shi kamar me. Ana cikin haka wani mutum mai farar shadda ya fara zarya majalisarsu, wai wakilin kamfanin haƙar mai ne, yana sayar da hannun jari. Ya ce musu mai wayo ba ya kukan tsadar mai, shiga yake yi cikin masu rijiyar.

Ranar da Yaya ya kawo shi gidana cin abinci, tun daga sallamarsa ban yarda da shi ba. Mutum yana ta zuba wallahi tallahi, ba wanda ya ce ya rantse! Daga bayan labule na tambaye shi inda rijiyar take. Ya ce can kudu, cikin teku. Rijiya cikin teku? Na ja Yaya gefe na ce, "Yaya, wanga mutum ka san gidansu?" Ya yi dariya, ya ce ni dai tun ina ƙarama na cika zargi. Ashe har ya sayar da injin ya zuba kuɗin. Wai maƙwabcin gonarsa zai riƙa ara masa nasa injin, muddin ya zo da mai, mai kuwa ya zama na gida.

A fadama, in ka sa hannu a gonar wani, da iri ko taki, ranar girbi buhu ake auna maka. Yaya ya ɗauka rijiyar mai ma haka take.

Da shuka ta fara neman ruwa sai ga shi da jarkoki ɗaure a bayan babur, ya zo karɓar rabonsa. Na raka shi, ina jiran mu tarar da ofishin kamfanin a garƙame. A buɗe yake. Wata ma'aikaciya ta yi masa bayani a tsanake: ba mai ake rabawa ba, riba ce, sai ƙarshen shekara, ita ma in an samu. Yaya ya ce, "To shinkahwar hwa? Ita ba ta jiran ƙarshen shekara."

Ko kamfanin na gaskiya ne, oho. Amma mai shaddar nan ya ji Yaya yana maganar jarkoki a tsakar gidana, bai gyara masa ba, ya ci gaba da cin tuwo. Wannan ban yafe masa ba.

Da na je Argungu, gonar duk ta yi ja, sai kusurwa ɗaya ta bakin ruwa da ta rage kore. A can na hango Yaya yana hawowa daga gulbi, jarka a kowane hannu, cike da ruwa.